Malama Zuliha Ɗanladi (1959–2009) da Fim ɗin Kyanwa Mai Layi a Wuya

Haihuwa da Asali

An haifi Malama Zuliha ranar Alhamis, 12 ga watan Maris na shekarar 1959, wanda ya yi daidai da farkon watan Ramadan na Hijira 1378, a Unguwar Kawu da ke kudu da garin Bunkure. Mahaifinta shi ne Malam Ɗanladi, manomi kuma malamin allo wanda ɗalibansa ba su taɓa wuce goma ba. Mahaifiyarta Tambaya, mai ɗinkin faifai, ta shekara tara a ɗakin miji kafin ta sami haihuwa. Zuliha ce 'yar fari, kuma ita kaɗai ta rayu cikin huɗu. A wancan zamani ruwan madatsar Tiga bai iso ba, kuma ƙasar da yau ake noman shinkafa da tumatir da albasa a kanta, gero da dawa kaɗai take bayarwa, shi ma idan ta ga dama.

Tana da shekara bakwai ta zana akuya da gawayi a bangon zauren mahaifinta. Zanen ya yi kama har maƙwabciyarsu ta tsaya a bakin ƙofa tana salati, domin ta gane akuyarta ce, har da karyayyen ƙahon. Malam Ɗanladi bai dake ta ba. Ya yi kwana uku yana duba 'yan littattafansa, sa'an nan ya kira ta.

"Akuyar wa ce wannan?"

"Ta Inna Sa'a ce, Baba."

"Na gane ta. Abin da ya dame ni ke nan."

Ya jiƙa ɗan yatsa da miyau, ya share siririn layi a wuyan akuyar, kai ya rabu da gangar jiki. Ya ce mai rai Allah ne kaɗai ke yin sa cikakke, ita kuwa in hannunta ya ƙi zama, to ta riƙa raba kai da jiki. Ya nemi alkawari, ta ba shi. Malamai sun saɓa a kan ko wannan layi ya wadatar ko bai wadatar ba, kuma wannan rubutu tarihi ne, ba fatawa ba. Abin da ya tabbata shi ne, ta riƙe alkawarin fiye da yadda manya da yawa ke riƙe wanda suka yi da Alƙur'ani a hannu.

Neman Ilimi

An sa ta makarantar firamare ta Bunkure a shekarar 1966, ba don mahaifinta ya nema ba, sai don an ce kowace unguwa ta kawo yarinya ɗaya, masu hali kuma suka ɓoye nasu. Ta kammala a 1972, ta wuce kwalejin horon malamai mata a birnin Kano, inda ta zauna daga 1973 zuwa 1978. Takardunta na makaranta sun nuna matsakaiciya ce a lissafi, mai rauni a haddar ƙa'idojin koyarwa, kuma sau biyu aka hukunta ta saboda zana shugabar makaranta a bayan littafi. Duka biyun akwai layi a wuya, abin da shugabar ta fassara da mugun nufi.

A hutun shekarar 1976 motar majigi ta ofishin noman rani ta zo Bunkure domin nuna wa manoma yadda ake ban ruwa daga kanal. Al'adar mai majigin ce ya fara da ɗan gajeren fim na ƙasar waje, na zanen kyanwa tana bin ɓera, don jama'a su taru. Jama'a suka yi dariya suka watse. Zuliha kuwa da hantsi ta koma inda motar ta kwana, ta sami mai majigin yana wanke fuska. Sunansa Bulus, mutumin wani ƙauye ne a yammacin Kura. Ta tambaye shi abin da ke sa zane ya motsa.

"'Yar Malam, ba abin da ke motsi," in ji shi. "Idonki ne ake yi wa wayo."

Ya warware mata kamu biyu na zaren fim ɗin, ta ɗaga shi saitin rana. Ta ga ƙananan hotuna a jere, kowanne ya bambanta da na gabansa da abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ta ƙirga hoto goma sha tara daga lokacin da kyanwar ta ɗaga ƙafa zuwa lokacin da ta sauke ta. Bulus ya ce ashirin da huɗu ke wucewa a daƙiƙa guda, amma masu zane kan yi goma sha biyu su maimaita kowanne. Ta tambaye shi ko mutum nawa suka zana fim ɗin, ya ce bai sani ba, amma ya ji an ce gida guda ne cike da ma'aikata. Ta rubuta lambobin a bayan hannunta da biro. Shekara ashirin da biyar suka wuce kafin ta yi amfani da su.

Aure da Iyali

A watan Disamba na 1979 aka ɗaura aurenta da Malam Jamaluddeen, malamin tarihi da Larabci a wata makarantar sakandare ta Kura, wanda shi ne ya tattara wannan bayani daga takardunta da bakin waɗanda suka san ta. Mutum ne mai littattafai da yawa da abokai kaɗan, kuma a lokacin yana ganin hakan alamar daraja ce. Sun zauna a gida mai ɗaki uku a bayan injin casar shinkafa, ɗaya daga cikin ɗakunan na littattafai ne. Allah ya ba su 'ya'ya biyar tsakanin 1981 da 1992, ɗaya ya koma tun yana jariri. Malam Ɗanladi ya rasu a 1983. Wasu sun zaci da rasuwarsa layin zai ɓace daga zanenta. Bai ɓace ba.

Aiki

Ta koyar a firamare daga 1978 zuwa 1984, sa'an nan sashen wayar da kan manoma na aikin noman rani ya ɗauke ta a matsayin mai zana fosta. Shekara goma sha bakwai tana zana tsutsar tumatir, da farin ƙuda, da manomi mai fesa magani ya rufe hanci, da manomi marar hankali wanda bai rufe ba. Duk wani mai kai da wuya a cikin waɗannan zane-zane yana da farin layinsa. Shugabanni huɗu suka sa hannu a kan fostocin ba tare da sun lura ba, na biyar ya ɗauka kuskuren maɗaba'a ne, ya rubuta takardar ƙorafi zuwa Kano.

Ita da kanta ba ta ruɗi kanta game da amfanin aikin ba. Ta sha gaya wa abokan aikinta cewa takardar fostar mai kauri ce, don haka ta fi kyau wajen shanya barkono.

Yadda Aka Yi Fim ɗin

A ranin shekarar 2001 ɓerayen gona suka yi yawa a ƙananan kanal-kanal da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ba cin shinkafa ne babbar ɓarnarsu ba. Suna haƙa rami a gaɓar kanal, ruwa ya bi ramin ya zurare, fangalin mai rabon ruwa ya bushe, na maƙwabcinsa ya cika ya batse. Mai busasshen fangali sai ya ce an sace masa ruwa, kuma a shekarar an kai ƙarar irin wannan gaban dagatai fiye da yadda aka kai ta gado. Shugaban sashen na lokacin, Alhaji Lukmanu, ya umarci a yi sabuwar fosta. Malama Zuliha ta kawo shawarar a yi fim na minti biyar, domin fosta ba ta iya nuna ruwa yana tafiya. Ya amince, bisa zaton aikin wata uku ne.

Ya ɗauki shekara huɗu. Ba ta da gida cike da ma'aikata, sai tebur guda da ta kafa a jikin tagar ɗakinta. Ta ciro gilashin taga ɗaya ta jingina shi a karkace, hasken rana na bugowa ta baya, ta yadda in ta ɗora takarda a kan takarda tana ganin zanen ƙasa ta cikin na sama. Ƙusa biyu da ta kafa a katako su ke riƙe takardun kada su goce. Takardun kuwa tsofaffin fom ne na rabon ruwa da ofis ya daina amfani da su, shi ya sa har yau wanda ya ƙura ido zai hango inuwar hatimi a bayan kyanwar. Tana zane daga bayan sallar Asuba in gari ya yi haske zuwa lokacin fita aiki, da kuma bayan La'asar. Ranar da aka yi hadari babu aiki.

Kyanwar ta gidan ce, wata ja mai ƙiba wadda ba a taɓa ganin ta kama komai ba. Ɓeran ya fi wahalar samu. Zanenta na farko na ɓeran gida ne, da ta nuna wa Dattijo, shugaban manoman wani reshen kanal kusa da Kura, ya mayar mata da takardar.

"Malama, wannan ai ɗan birni ne. Namu ya fi shi ƙugu, kuma ba ya tafiya a fili, gefen ciyawa yake bi kamar mai jin kunyar suruki."

Ta yaga zane ɗari da sittin. Dattijo ya kamo mata ɓeran gona da rai, ta ajiye shi a tsohuwar randa mako uku tana ba shi shinkafa tana kallon yadda yake zama da yadda yake wanke fuska. A mako na huɗu ya tsere, ya shiga ɗakin littattafai, ya ci gefen ƙamus ɗin Larabci na maigidan daga harafin jimun zuwa dalun. Maigidan ya yi magana a kan wannan al'amari tsawon lokacin da ya wuce ƙima.

Labarin fim ɗin gajere ne. Ɓera ya haƙa gaɓar kanal daga ɓangaren ruwa, ƙasa da inda ido ke gani. Manoma biyu, waɗanda ƙafafunsu da fatanyunsu kaɗai ake nunawa, suna nuna juna da fatanya. Kyanwa ta san mai laifi, amma tana tsoron ruwa, ɓeran kuma ya san haka, don haka duk lokacin da ta matso sai ya faɗa kanal ya yi iyo yana kallonta. Ta gwada tsallakawa ta kan bututun ban ruwa, ya mirgina da ita. Ta gwada faifai a matsayin jirgi, ya nutse. A ƙarshe ta daina bin sa, ta je ta zauna a bakin ramin ta ɓangaren gona, inda ruwa ke tsiyaya, ta yi ta kuka har manoman suka zo suka ga ɓarakar suka toshe. Ba a kama ɓeran ba. Da aka tambaye ta dalili, ta ce ba ta taɓa jin wanda ya kama shi ba, kuma ba za ta fara ƙarya da shekara arba'in da biyar ba.

Bulus, wanda ya yi ritaya ya buɗe shagon ɗaukar bidiyon biki a Kura, shi ya ɗauki zanen ɗaya bayan ɗaya da kyamara ya jera su a kwamfuta. Babu magana a fim ɗin. Kalangu ne ƙafafun ɓera, ƙarar ruwa kuwa buta ce ake tsiyayawa a cikin bokiti. An gama a watan Mayu na 2005.

Saɓani da Ofis

A takarda layin wuya siririn abu ne da ido ke tsallakewa. A fim ya zama wani abu dabam. Da yake hannun mutum ba ya ja layi a wuri ɗaya sau dubu uku, sai layin ya riƙa rawa, yana hawa yana sauka, kamar kan dabbar na shirin tashi ya bar ta. Ko ita ba ta san haka zai kasance ba sai da ta gani, kuma Bulus ya ruwaito cewa ta sa an maimaita mata wurin sau shida, tana matsawa kusa da gilashin kwamfutar.

Alhaji Lukmanu bai ga abin sha'awa ba. Akwai baƙi daga ƙungiyar da ta tallafa wa aikin da za a nuna musu.

"Hajiya, za su ce mun yanka dabbobi mun sa su gudu. A share."

"Ranka ya daɗe, alkawari na yi wa mahaifina, kuma shekara ashirin ana sa hannu a kan layin nan."

"A lokacin ba ya motsi. Wai alkawarin wa kike riƙewa? Malam ya rasu tun ina jami'a."

"Shi ya sa. Da yana raye sai in je in roƙe shi ya sake ni."

Ta ƙi sharewa. Ya karɓi faifan bidiyon fim ɗin, ya aika da shi Kano aka cike layin da kwamfuta. Masu aikin sun yi gaggawa, wuyan dabbobin ya kumbura, kyanwar ta fito da maƙoƙo. An nuna wannan sau ɗaya a wani otal a watan Fabrairu na 2006, baƙi suka tafa, aka sha lemo. Sunan shugaban sashe ya fito a farko, sunan mai zanen ya fito a ƙarshe tsakanin na direba da na mai janareta. Daga nan wa'adin aikin ya ƙare, aka kulle faifan a kabad, aka kuma rubuta mata takarda cewa fim ɗin mallakar ofis ne, ba ta da izinin nuna shi ko'ina a kowace siga. Manoman da aka yi shi dominsu ba wanda ya gani. Maganar suna ba ta dame ta ba. Abin da ta yi ta nanatawa shi ne, Dattijo ya kamo mata ɓera, kuma bai ga abin da aka yi da shi ba.

A wannan lokaci mijinta ya ba ta shawarar ta haƙura, yana mai kafa hujja da cewa manyan dauloli ma sun shuɗe ba a san masu gina su ba. Shawara ce ta wanda bai taɓa gina komai ba.

Rashin Lafiya da Nuna Fim ɗin

Ta yi ritaya a ƙarshen 2007, bayan an gano tana da ciwon hanta. Zuwa damina ta 2008 ba ta iya tafiya sai da mai riƙe ta. A watan Oktoba aka yi wa Alhaji Lukmanu canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai san da fim ba, bai san da takardar hani ba. Sai Bulus ya zo gaisuwa, ya bayyana cewa tun 2005 ya ajiye kwafin asali a cikin kwalin bidiyon wani biki da ma'auratan suka rabu kafin su zo karɓa.

An nuna shi ranar Asabar, 8 ga Nuwamba 2008, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a cikin siton injin casar da ke bayan gidanta. An toshe tagogi da buhunan wofi, aka ɗora talabijin a kan buhun shinkafa uku. Maza suka fara shiga, mata suka biyo baya. An kawo ta a kan kujera. Kafin ta fita ta tambayi mijinta ko zai zo, ya ce yana da takardun jarrabawa, ya ƙara da cewa mutumin da ya karanta tarihin dauloli ba zai tsuguna kallon kyanwa ba.

"To, zauna da daulolinka, Malam," in ji ta. "Ba wadda za ta motsa."

Bai je ba. Tsakanin ɗakinsa da siton taku arba'in ne, ya ji dariyar ta bango. Abin da ya biyo baya daga bakin Bulus da Dattijo aka samo shi.

An ce da ɓeran ya fito yana bin gefen ciyawa, Dattijo ya miƙe tsaye ya ce, "Shi ne! Wallahi ni na kama shi!" aka ja rigarsa ya zauna. Da aka nuna ramin yana farawa daga ƙarƙashin ruwa, sai wani manomi ya juya ga maƙwabcinsa wanda suka shekara uku ba sa gaisawa, ya ce, "Ka gani ko?" Shi kuma ya ce, "Ni zan ce maka ka gani." Game da layin wuya kuwa ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce laya ce, wasu suka ce an taɓa yanka su ne ba su mutu ba, shi ya sa ɓeran ba ya tsoron komai. Wata tsohuwa daga Unguwar Kawu ta yi musu tsawa, ta ce wannan layin Malam Ɗanladi ne, ta san shi tun a wuyan akuya. An maimaita fim ɗin sau biyar ga maza, sau bakwai ga mata, har man janareta ya ƙare. Malama Zuliha ba ta kalli talabijin ɗin ba sai a karon farko. Sauran lokacin ta sa an juya mata kujera tana kallon jama'a.

Ba za a ce ɓeraye sun ragu bayan haka ba, domin babu wanda ya ƙirga su kafin nan. Dattijo dai ya tabbatar da cewa a reshensa, in fangali ya bushe, yanzu ana fara naɗe wando a laluba gaɓa kafin a tafi wurin dagaci.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, 17 ga Fabrairu 2009, cikin watan Safar na Hijira 1430, da misalin ƙarfe tara na safe, a gidanta da ke Kura, saura kwana ashirin da uku ta cika shekara hamsin. An yi mata sallah bayan Azahar, aka kai ta Unguwar Kawu bisa wasiyyarta, aka binne ta kusa da mahaifinta. Manoman reshen Dattijo sun bar rabon ruwansu na ranar suka raka ta. Bulus ya tsaya a gefe har aka gama, sa'an nan ya zuba ƙasa. Ofis ya aiko da takardar ta'aziyya, an rubuta sunanta ba daidai ba.

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Salim, malamin gona a Garun Mallam, Sumayya, ma'aikaciyar jinya a Kano, Ummulkhairi, da ke aure a Bunkure, da Halimatu Sa'adiyya, 'yar auta, wadda ke makarantar sakandare. Ta kuma bar jikoki uku.

Ta bar zane dubu uku da ɗari huɗu da goma sha biyu a cikin buhun shinkafa biyu. Mijinta ya kalli fim ɗin karon farko bayan sadakar arba'in, sa'an nan ya shafe wata biyar yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya a jikin gilashin tagarta. Duka suna da layi, ban da guda. A zane na dubu biyu da ɗari tara da bakwai, inda kyanwar ta haƙura da bin ɓera ta zauna a bakin rami, wuyanta a haɗe yake da jikinta. A cikin fim wannan bai kai ƙiftawar ido ba, kuma cikin duk waɗanda suka kalla ba wanda ya lura. Ko mantuwa ce ta mai gajiya, ko kuwa ta so ta ga dabbar cikakkiya sau ɗaya, ba a sani ba. Mutum ɗaya ne ya kwana ɗaki ɗaya da ita shekara huɗun da take wannan aiki, kuma bai taɓa tambayarta komai game da shi ba.

Allah ya yafe mata wannan guda ɗin in laifi ne, ya haskaka makwancinta.